Matsalolin bonar tukunyar ɗumama gida mai shan mai

Bona ita ce na'urar da ke hura wuta a cikin tukunyar ɗumama gida, wato tukunyar da ke dafa ruwan da ke zagaya ɗakuna ta bututai a ƙasashe masu tsananin sanyi. Mai shan mai ta fi yawa a inda bututun iskar gas bai kai ba, kamar arewa maso gabashin Amurka, tsibirin Ailan, da karkarar Ingila da Jamus. A Amurka gidaje kusan miliyan 5 ne suka dogara da ita, a jihar Maine da Ailan ta Arewa kuwa rabin gidaje ne ko fiye. Amurkawa na ƙona mai lamba 2, ɗan'uwan dizal, wanda ake rinawa ja. A Birtaniya da Ailan kananzir ake zubawa. Sanannun kamfanonin da ke ƙera bona sun haɗa da Beckett, Carlin da Riello.

Yadda take aiki

Irin wannan mai ba ya saurin kama wuta yana kwance, sai an mai da shi feshi. Injin lantarki guda ne ke juya fanka da famfon mai tare. Famfon na tura man da ƙarfin fam 100 a kan kowane inci murabba'i, ko 140 a sababbin bonoji da dama, ya fito kamar hazo ta ramin nozul, wato ɗan bakin ƙarfe mai siririn rami da ke fesa man. A bakin nozul akwai tsinkayen ƙarfe biyu da taransifoma ke ba bolt 10,000, tartsatsi ya tashi a tsakaninsu, feshin ya kama. A baya kuma akwai wani ɗan ido na lantarki da ke leƙen wutar. In bai ga haske ba cikin daƙiƙa 15, ko 45 a tsofaffin na'urori, akwatin sarrafawa zai tsayar da komai, sai an danna wani jan maɓalli kafin bonar ta sake tashi. Wannan tsayawar ake kira kullewa.

Jan maɓalli

Kullewa ba ita ce cutar ba, kariya ce, kuma a nan masu gida suka fi yin ganganci. Ƙa'idar da masu sana'ar suka yi ittifaƙi a kai ita ce a danna maɓallin sau ɗaya tak. Dalilin a fili yake. Nozul mai lamba 0.85 na fesa galan 0.85 a awa, wato sama da lita 3. A tsohuwar na'ura mai jiran daƙiƙa 45, kowane dannawa da wuta ba ta kama ba yakan zubar da mililita 40 a ɗakin wuta, wato wurin da wutar ke ci a cikin tukunya. Wanda sanyi ya dama ya danna sau goma ya tara kusan rabin lita. Ranar da tartsatsin ya dawo, man nan zai kama gaba ɗaya: tukunya ta yi gurnani, ƙofarta ta girgiza, wani lokaci ta yi aman kunkunniya mai maiƙo da ke bin bango da labule da tufafin gida duka. Duk wanda ya riga ya danna sau da yawa, wajibi ne ya gaya wa mai gyara gaskiyar adadin kafin ya taɓa komai. Shi ya sa wasu sababbin akwatunan sarrafawa ke kullewa baki ɗaya bayan an gwada sau biyu ko uku.

Gano inda matsalar take

Gogaggen mai gyara da kunne yake farawa. In bona ta yi tsit, ba ko motsi, matsalar wutar lantarki ce: fiyus, na'urar daidaita zafin ɗaki, ko jan makunnin gaggawa da ake kafawa a saman matakalar ɗakin ƙasa a gidajen Amurka, wanda sau da yawa ake kashewa bisa kuskure ana zaton na fitila ne. In injin na ƙugi bai juya ba, ko dai ya lalace ko famfo ya cije.

In kuwa injin ya juya amma wuta ba ta kama ba, to ko mai ne bai iso ba ko tartsatsi ne babu, kuma mai ya fi yawan zama sanadi. Abu na farko shi ne a duba tanki da sanda, don ma'aunin da ke kansa yakan maƙale. Tankin da aka saba gani a Amurka na cin galan 275. In man ya ƙare, iska takan shiga bututu, kuma ko an sake cika shi famfon ba zai ja ba sai an fitar da ita, kamar yadda ake yi wa janareto mai dizal. Ana sassauta ɗan kusar jikin famfo, a sa siririyar roba zuwa cikin kwalba, a tada bona: kumfa ce ke fara fitowa tana tsartuwa, sannan mai garai-garai, sai a ɗaure. Tsohon tanki kuma yakan tara ruwa da laka a ƙasansa. Ranar da motar mai ta zo ta cika shi, lakar takan tashi ta toshe filta da nozul, shi ya sa ake son a kashe bona na ɗan lokaci har man ya kwanta. Tankin da ke waje yana da tasa matsalar: a tsananin sanyi kakin da ke cikin mai lamba 2 yakan daskare ya toshe bututu. Akwai ma ɗan maɗaurin roba tsakanin injin da famfo; in ya cinye, fanka za ta yi ta juyawa famfon na tsaye.

Ta ɓangaren tartsatsi, ana duba tazarar tsinkayen, wadda ba ta wuce milimita 3 zuwa 4 ba, da farin tangaran da ke riƙe da su ko ya tsage, da ƙarfin taransifoma. Wannan ba aikin mai gida ba ne, ƙarfin wutar da ke wurin ba abin wasa ba ne.

Wutar da ta kama ta ci 'yan daƙiƙoƙi ta mutu, galibi idon ne ya dushe da kunkunniya. Goge shi da tsumma mai laushi kan mai da bona aiki, amma sai a tambayi inda kunkunniyar ta fito. In an auna shi da na'urar awon lantarki, idon da ke ƙalau yana nuna ƙasa da om 1,600 (ma'aunin turjiyar lantarki) lokacin da wuta ke ci.

Wuta mai hayaƙi

Bonar da ke ci tana hayaƙi, ko tana warin mai, ko tana bugawa lokacin tashi, ta fi wadda ta kulle haɗari, don ba abin da ya tsayar da ita. Sanadin kan zama nozul da ya cinye, ƙura da gashin dabbobi a fanka, ko toshewar bututun hayaƙi. Irin wannan wuta na iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa. Ba a daidaita iskar bona da kallon launin wuta. Ana zura na'urar awo a bututun hayaƙi, a kuma zuƙo hayaƙin ta farar takarda a gwada tabon da ma'aunin Bacharach mai lamba 0 zuwa 9, inda ake neman 0 ko kusa da shi. A gyaran shekara-shekara ana canza nozul da filta, a share cikin tukunya. Ba a wanke nozul ko a tsokane shi da allura. Sabo ake sawa, mai lamba da kusurwar feshi iri ɗaya da abin da kamfanin tukunyar ya rubuta. A Birtaniya da Ailan ƙungiyar OFTEC ce ke rajistar masu wannan aiki.