Waiwaye: Umarnin kariya da ɗaukaka ƙara a Bauchi

A da, matar da duka ya ishe ta a Bauchi hanya ɗaya ta sani: ta yi yaji. Ta tafi gidan iyaye, miji ya turo biko, a ba ta haƙuri ta koma. In abin ya faskara a je gaban mai unguwa, daga nan sai alƙali. Fiƙihun Malikiyya bai bar ta haka ba, domin ya ba alƙali ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata, kuma Suratun Nisa'i ta yi umarni a tsayar da mai sulhu daga dangin miji da na mata. Amma tsakanin "yi haƙuri" da "an raba aure" akwai fili mai faɗi, kuma a wannan filin ne mata da yawa suka ji jiki.

Wannan giɓi ne dokar VAPP, wato dokar hana cin zarafin mutane, ta zo cikewa. Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Mayun 2015, sai dai a Abuja kaɗai take aiki har sai kowace jiha ta yi tata. Bauchi ta yi a 2020, shekarar kullen korona, lokacin da gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. Gombe, wadda aka cire daga Bauchi a 1996, ta biyo baya.

Abin da dokar ta kawo sabo shi ne umarnin kariya. Kotu na iya hana mutum dukan matarsa, ko yi mata barazana, ko zuwa wurin aikinta, aure kuma yana nan bai mutu ba. A tsarin dokar tarayya, ɗan sanda ko ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta na iya nema a madadinta, kuma in akwai haɗari a kusa ana ba da na wucin gadi tun kafin a ji ta bakin wanda ake ƙara.

Nan ne maza ke cewa an yi musu aski a bayansu. Kokensu abin saurare ne, don sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a ji shi. Shi ya sa ake sa ranar da mijin zai zo ya kare kansa. Yana iya roƙon kotun ta sassauta umarnin ko ta soke shi, in kuma bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun gaba. Abin da lauyoyi ke ta nanatawa shi ne shigar da afil, wato ɗaukaka ƙara, ba ya dakatar da umarni. Sai kotu ta dakatar da shi da bakinta. Wanda ya taka shi yana cewa "ai na yi afil" kama shi za a yi.

Ni abin da ya fi damuna ba ya faruwa a kotu. A zaure yake faruwa. Kafin takardar afil ta isa rajistara, kawu ya zo, gwaggo ta zo: "Haba 'yata, uban 'ya'yanki za ki kai gaban hukuma?" Washegari ta je ta ce ta janye, alƙali ya rufe fayil, ta koma ɗakin da ta gudo daga cikinsa.