Suturar Mutanen Agadas da Al'adunsu: Tambayoyi da Amsoshi

Su waye mutanen Agadas?

Agadas birni ne a arewacin Jamhuriyar Nijar, a gindin duwatsun Abzin, kuma fadar Sarkin Abzin ce tun ƙarni na 15. Ayarin raƙuma ne ya raya garin, shi ya sa Abzinawa da Hausawa da Larabawa da Fulani suka cakuɗu a cikinsa, har Hausa ta zama harshen kasuwa da na unguwa. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya, tare da masallacinsa na laka mai hasumiya wadda tsayinta ya kai mita 27.

Me ya sa maza suke rufe fuska da rawani?

Masu kallo daga nesa sukan ce saboda ƙura da rana ne, kuma akwai gaskiya a cikin maganar, amma ba ita ce duka ba. A wurin Ba'abzine, amawali alama ce ta balaga da kunya: saurayi ba ya fara naɗi sai ya kai munzali, daga nan kuwa ba zai bar bakinsa a buɗe a gaban surukinsa ko wani dattijo ba, kuma gwargwadon girman wanda yake gabansa, gwargwadon yadda zai ja amawalin sama har ya rufe hanci. Mata kuwa bisa al'ada sukan yafa mayafi a ka, fuska a sarari.

Daga ina baƙin rawanin nan mai ƙyalli yake zuwa?

Turkuɗi ne, kuma daga ƙasar Kano aka san shi, musamman garin Kura, inda ake rina shi da baba sannan a buge shi har ya yi sheƙi. Shunin yakan zuba a fatar mai sanye da shi, abin da ba a ɗauka aibi ba, domin shaida ce cewa tufar mai daraja ce. Wannan ciniki tsoho ne ƙwarai: ayari yakan ɗauko gishiri da dabino daga garin Bilma da ke cikin hamada, ya kai kudu, ya komo da gero da tufafi. A ganina babu abin da ya fi nuna zumuncin Abzin da ƙasar Hausa kamar wannan rawani.

Mene ne Bianu?

Biki ne na shekara-shekara da ke ƙarewa a lokacin Ashura, inda gabashin gari da yammacinsa suke fitowa da kiɗa da rawa, samari sun ci ado da manyan riguna, sun ɗaura kaba a kan rawunansu.

Su wa suke ƙera kayan adon?

Maƙera ne na gado. Mazansu suna aikin azurfa da takubba da sirdin raƙumi, matansu kuma suna dukanci, suna ɗinka jakunkuna da matasan kai na fata.