Waiwaye: Clotilda, jirgin katako da masu shi suka ƙone da hannunsu

A ranar 22 ga Mayun 2019 hukumar kula da kayan tarihi ta jihar Alabama da ke Amurka ta sanar da cewa ɓaraguzan wani jirgin ruwa da aka samu binne cikin laka a kogin Mobile na Clotilda ne, jirgi na ƙarshe da aka sani ya shigar da bayi Amurka daga Afirka. A lokacin kusan shekaru 159 ke nan da nutsewarsa.

Ba domin fataucin bayi aka ƙera shi ba. Wani maƙerin jirage mai suna William Foster ne ya haɗa shi a garin Mobile a 1855, ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, tsawonsa ƙafa 86, faɗinsa ƙafa 23, an lulluɓe ƙasansa da jan ƙarfe don kada tsutsar ruwa ta ci katakon. Shekaru biyar ya yi yana dakon katako da sauran haja tsakanin tashoshin da ke gaɓar mashigin tekun Mekziko, kuma da a nan ya tsaya da babu wanda zai tuna sunansa a yau.

Tun daga 1808 Amurka ta haramta shigo da bayi daga waje, a 1820 kuma ta mai da laifin daidai da fashin teku, wanda hukuncinsa kisa ne. Sai dai bautar kanta tana nan daram a jihohin kudu, farashin bawa kuma yana ta hawa saboda noman auduga. Wannan riba ce ta ja hankalin Timothy Meaher, attajirin Mobile mai jirage da gonaki, ya zuba kuɗin tafiyar. Foster ya tashi a watan Maris na 1860 ɗauke da zinare na dala 9,000 da wasu hajoji, ya isa Ouidah, tashar masarautar Dahomey da ke Jamhuriyar Benin ta yanzu, a tsakiyar Mayu, zamanin Sarki Glele. Ya sayi mutum 125 a kan dala 100 kowanne, amma ana cikin lodi sai ya hango wasu jirage biyu masu tururi, tsoron kamu ya sa ya ɗaga da 110 kawai. Yawancinsu Yarabawa ne da aka kamo a hare-haren Dahomey, da yawa yara ne da matasa, kuma a cikin ramin da aka saba jibge katako aka cusa su tsirara har tsawon kimanin makonni shida.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne yadda jirgin ya ƙare. Ba guguwa ce ta cinye shi ba, ba kuma dutse ya ci karo da shi ba. Da suka iso a watan Yuli, cikin dare aka ja shi zuwa can cikin kogi, aka kwashe mutanen zuwa wani jirgin, sannan Foster ya cinna masa wuta kusa da tsibirin Twelve Mile ya nutsar da shi, domin jirgin da ya ɗauko mutane haka warinsa kaɗai ya isa shaida a gaban alƙali. Dabarar ta ci. An yi watsi da ƙarar da aka shigar, abin da ya hau kan Foster bai wuce tarar dala 1,000 ba ta ƙin bi ta kwastan, yaƙin basasar da ya ɓarke a 1861 kuma ya binne maganar.

Bayan samun 'yanci a 1865, waɗanda aka kawo sun so komawa gida, kuɗin jirgi ya gagara. Suka tara abin da suka samu daga ƙwadago suka sayi fili, har da wanda suka saya daga hannun Meaher ɗin, suka kafa unguwar Africatown, inda suka ci gaba da yin yarensu da naɗa shugabanninsu. Ɗaya daga cikinsu, Kossola, wanda aka fi sani da Cudjo Lewis, ya rayu har 1935 yana ba da labarin ga duk wanda ya tambaya, amma an daɗe ana samun masu cewa tatsuniya ce, tun da babu jirgi.

Wani ɗan jarida, Ben Raines, ya fara gano wani jirgi a farkon 2018 wanda bincike ya nuna ba shi ba ne, bai karaya ba har ya kai ga na gaskiyar. Wutar Foster saman jirgin kawai ta ci. Lakar kogin ta adana kusan kashi biyu cikin uku na gangar jikinsa, har da ramin da aka tsare mutanen. A 2023 aka buɗe gidan tarihi a Africatown inda aka ajiye wasu guntayen katakon da ƙusoshinsa, a 2024 kuma masana suka ba da shawarar a bar sauran a cikin ruwa, saboda fito da shi zai iya wargaza shi.