Shafa wa fata mai da ƙarasa aikinta a ƙasar Hausa

Shafa mai mataki ne a sana'ar jima da dukanci, inda ake cusa wa jemammiyar fata maiƙo domin ta yi taushi, ta jure lanƙwasa, ta kuma sha rini daidai. Bayansa ne ake rini da murza da gogewa, waɗanda su ne ƙarashen aiki. A ƙasar Hausa aikin ya rabu hannu biyu: majemi ne ke ba fata man farko tun tana majema, baduku kuma ya ƙarasa ta bayan ya ɗinka gafaka, ko zabira, ko kube, ko takalmi, ko kayan doki. Mai saye a kasuwa launi da ado yake kallo, amma yawan shekarun da kaya zai yi a hannunsa yana rataye ne a kan wannan ɗan man da ba ya gani.

Abin da mai ke yi wa fata

Fata saƙa ce ta zaruruwa ƙanana masu sarƙe da juna. Tana jikin dabba, ruwa da kitse ne ke raba tsakaninsu. Jima kuwa tana cinye wannan kitsen: ana jiƙa fata a ruwan toka ko na farar ƙasa har gashi ya saki, a kankare ta da kartaji, a tsoma ta cikin ruwan kashin tattabara ko ganyen fataka don ta saki jiki, sannan a sa ta a ruwan bagaruwa. Bagaruwa na hana ta ruɓewa, amma ba ta mayar mata da maiƙon da ta rasa. In aka shanya ta haka, zaruruwan sai su manne da juna, fata ta ƙandare kamar faifai, in an lanƙwasa ta fuskarta ta tsage.

Mai yana shiga tsakanin zaruruwan ne ya lulluɓe su, sai su riƙa zamewa a kan juna maimakon su karye. Shi ya sa lokacin shafawa ya fi yawan man muhimmanci. Ana shafa shi fata tana da sauran danshi, ba sharkaf ba, ba kuma a bushe ba. Yayin da ruwan ke fita a hankali, man yana bin gurbinsa zuwa ciki. Busasshiyar fata kuwa wuri guda take zuƙe man, ta yi baƙin tabo, gefe ya tashi babu komai.

Man da ake amfani da shi

Man gyaɗa ne aka fi sani a majemun Kano da Sakkwato da Damagaram, saboda yana da araha, ga shi da saurin shiga. Ana kuma amfani da man kaɗanya, da man shanu a wurin makiyaya da masu gyaran salka da guga. Majemi yakan shimfiɗa fatar, ya ɗiga man a tafin hannu, ya bi fuskarta, wato gefen da gashi ya fita, daga tsakiyar baya zuwa gefe. Baya da wuya sun fi kauri, sun fi buƙata. Ciki da hammata sakwa-sakwa suke, kaɗan ya ishe su. Daga nan sai ya naɗe ta, ya murza, ya ja ta a kan itace ko dutse, ya maimaita har ta yi laushin zane. Hausawa ma suna da karin maganar nan, inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima.

Yawan mai cuta ne, kuma a nan ake gane gwani. Fatar da ta ƙoshi fiye da kima takan yi duhu, ta saki jiki har ɗinki ya riƙa yagewa, ta kama ƙura, ta ɓata farar riga. Man da ya kwana a samanta yana yin hamami, yana jawo ɓera da kyankyaso, da damina kuma ya zama abincin funfuna. Baƙin man mota, wanda wasu ke shafa wa ragama da igiyar sirdi don ya fi sauƙin samu, bai kamata ya kusanci fata ba ko kaɗan: datti da sinadaran da ke cikinsa suna raunana ta, ga shi yana taɓa jikin doki da hannun mahayi.

Rini da gogewa

Jar fata, wadda ta fitar da sunan ƙasar Hausa a duniya, da karan dafi ake rina ta, wato jan kuben ganyen wata irin dawa da ake nomawa don rini kawai. Ana daka shi, a kwaɓa da ruwan kanwa ko na toka, a goga a fatar da ta riga ta sha mai, sannan a ɗauraye ta da ruwan lemun tsami ko na tsamiya. Tsamin yana kashe kaifin kanwar, ya fito da jan ya yi haske. Baƙi kuma kuloko ne, ruwan da aka jiƙa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe a ciki. Shi kansa ba baƙi ba ne sosai. Sai ya haɗu da bagaruwar da ke cikin fatar yake rikiɗa ya yi wuluk. Wannan haɗuwar ce dalilin da ƙusa mai tsatsa ke barin tabon da ba ya wankuwa a jemammiyar fata. Rawaya daga saiwar gangamau ake samunta, kore kuma daga garin tagulla. Yau galibin majema sun koma garin rini na kanti, wanda ya fi sauri, sai dai jansa bai da zurfin na karan dafi.

Bayan rini sai shanya a inuwa, sai gogewa. Ana ɗora fatar a kan abu mai santsi, a bi fuskarta da sulɓaɓɓen dutse ko gindin kwalba, da ƙarfi, har ta kwanta ta ɗau ƙyalli. Baduku kuma yana da nasa ƙarashen: ya zana ado da kuloko, ko ya tsaga fuskar fatar da wuƙa ya ɓare wani sashe don farin da ke ƙarƙashi ya bayyana, ko ya yi ɗinkin ado da siraran tsinkayen fata masu launi. Da yake fatar akuya ba ta da kauri, bakin kaya yawanci naɗe shi ake yi ko a bi shi da wani ƙyallen fata.

Tarihi da kasuwa

Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira ta Maraɗi, tana da lallausar fuska da ƙarfi. Ayari ya daɗe yana ƙetara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin takalman birnin a kan wuri miliyan 10 a shekara, na kilabo, wato jemammiyar fatar shanu, da jajayen fatu kuma miliyan 5, ya ce har Tarabulus ake kai su. Masu ɗaurin littattafai a Ingila sun riƙa neman fatar da aka jeme da bagaruwa saboda daɗewarta. Har yanzu ana wannan aikin da hannu a majemar Ƙofar Wambai a Kano, yayin da masana'antun Challawa da Sharaɗa ke jima da sinadarin kurom, su cusa mai a cikin manyan ganguna masu juyawa. Fatar masana'anta sau da yawa an rufe fuskarta da fenti, don haka man da aka shafa mata daga baya ba ya shiga.

Kula da kaya a gida

Hunturu ne babban abokin gabar fata. Gafaka ko sirdi da ya fara yin fari-fari a wurin lanƙwasa yana neman mai. Ana share ƙurar da ƙyalle mai ɗan danshi, a gwada man a wani lungu da ba a gani, domin kowane mai yana ƙara wa launi duhu, sannan a shafa kaɗan a bar shi ya kwana a inuwa, da safe a goge ragowar. Kayan da ruwan sama ya doka ba a kai su rana ko bakin murhu; ana cusa musu tsumma su riƙe siffarsu, su bushe da kansu, a ba su mai tun da sauran sanyin danshi a jikinsu. Da damina kuwa rataye su ake yi inda iska ke ratsawa, ba a ƙulle su cikin leda ba.