Naɗin Sarakunan Faransa a Reims

Daga ƙarni na 11 zuwa 1825, a babban cocin birnin Reims ake naɗa akasarin sarakunan Faransa. Yarima yakan gaji sarauta tun ranar da magabacinsa ya rasu, amma a idon jama'a bai cika sarki ba sai an shafe shi da mai mai tsarki. Shafe man nan shi ne ƙashin bayan bikin, ya ma fi sa kambi daraja.

Man yana cikin wata 'yar kwalba a gidan ibada na Saint-Remi. Mutanen ƙasar sun yi imani cewa kurciya ce ta sauko da ita daga sama ranar da aka yi wa Clovis, wani sarkin ƙasar na zamanin dā, baftisma. Tsananin tsaronta ya kai ga sai sarki ya ba da manyan fadawa huɗu jingina kafin a fito da ita.

Da sassafe bishop-bishop biyu sukan je ƙofar ɗakin sarki su ƙwanƙwasa, a amsa musu cewa sarki na barci. Sai a karo na uku ake buɗewa. A cikin coci sarki ya yi rantsuwar kare addini da yin adalci, sannan akbishop ya sa allurar zinariya ya ɗebo ɗan mitsitsin man daga kwalbar, ya cuɗa da wani man. Ta tsagogin da aka bari a jikin rigar sarki ake shafa masa a ƙirji da kafaɗu da gwiwar hannu, bayan an fara da ka. Daga nan sai zobe da sandar mulki da kambi.

Sarki Henri na 4 bai samu Reims ba, domin tana hannun abokan gabarsa; a Chartres aka naɗa shi a 1594, da wani man daban.

Bayan naɗi, masu ciwon kaluluwar wuya sukan yi layi sarki ya taɓa su don neman waraka. Louis na 16 ya taɓa kimanin 2,400 a 1775. A 1793, shekarar da aka fille masa kai, wani wakilin 'yan juyin juya hali ya farfasa kwalbar a bainar jama'a a dandalin Reims.