Zhao Xintong bai sayar da wasansa ba, amma dokar sunuka ta kama shi

Tun da Zhao Xintong ya ɗau kofin duniya na sunuka a Sheffield a watan Mayun 2025, ya doke Mark Williams 18-12, ake ta yawo da magana wai mai sayar da wasa aka miƙa wa kofi, wasu kuma su ce ai sharri ne Turawa suka ƙulla mishi don ɗan Sin ne. Duka biyun ba haka ba ne.

Dokar da ta sa aka dakatar da shi ta WPBSA ce, hukumar da ke kula da wasan sunuka na ƙwararru a duniya, kuma ƴan wasan da ke ƙarƙashinta ta hau kansu, ba ruwanta da masu teburin unguwa ko masu 8 Ball Pool a waya.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne sun ɗauka sai ka ɓarar da ƙwallo da gangan a bakin rami sannan ka yi laifi. Ina! In kai ɗan wasa ne, sa kuɗin caca a kan wasan sunuka laifi ne ko ba kai ke bugawa ba, ko da kan ka ka zaɓa cewa za ka ci. Taimaka wa wani ya shirya wasa laifi ne. Kai ko tunkararka aka yi da maganar kuɗi ka ce a'a, amma ka ja bakinka ka yi shiru ba ka sanar da hukuma ba, shi ma ka faɗa. Abin da ya ci John Higgins kenan a 2010, an wanke shi daga sayar da wasa amma ya sha dakatarwar wata 6 da tarar fam 75,000.

To shi Zhao abin da ya amsa da bakinsa abu biyu ne: yana da hannu a wasanni biyu da wani ɗan wasa ya shirya, sannan shi kansa yana caca a kan sunuka. Ba a same shi da zubar da wasan da yake riƙe da sanda a ciki ba. Wannan bambancin ne ya sa hukuncinsa ya fi na kowa sauƙi cikin ƴan Sin 10 da aka yanke wa hukunci a Yunin 2023. Liang Wenbo da Li Hang an kore su har abada, don su ba wasa kawai suka shirya ba, su ne masu jan ƙananan cikin harkar, kuma sun yi ƙoƙarin ɓoye sawu da bincike ya taso.

Sai maganar ragi, wadda ita ce ta fi ƙona wa mutane rai. Zhao shekara biyu da rabi aka fara yanke mishi, aka dawo da ita wata 20. Ba alfarma aka yi mishi ba, wanda ya amsa laifi da wuri bai wahalar da kwamiti ba ana rage mishi, Yan Bingtao ma, ɗaya daga cikin goman, daga shekara bakwai da rabi aka dawo da nashi 5, sai Disambar 2027 zai dawo. Stephen Lee da ya musanta a 2013 shekara 12 ya sha cif.

Ni dai a ganina ragin ya yi daidai, in ba a ba mai amsa laifi sassauci ba wa zai tona? Inda nake ganin dokar ta yi tsauri shi ne wajen shirun nan. Yaro matashi yana zaune a Ingila, ba dangi, Turancin ma da ƙyar, wanda ya tunkare shi babban yayansa ne a wasan da suke cin abinci tare, a ce ya je ya kai ƙararsa, a takarda dai abu ne mai sauƙi.

Dakatarwar Zhao ta ƙare a Satumbar 2024, ya rasa kujerarsa a cikin ƙwararru, sai da ya koma ƙananan gasannin Q Tour ya faro daga ƙasa, ya bi wasannin share fage kafin ya shiga Crucible, zauren da ake buga gasar kofin duniyar a Sheffield. Babu wata doka da ta hana wanda ya gama hukuncinsa ɗaukar kofi da fam 500,000 ɗin da ke kai.