Girkin iyali a gida

Girkin iyali shi ne sarrafa abinci a cikin gida domin mutanen gidan, tun daga cefane da ajiya har zuwa dafawa da rabawa. Abin da ya raba shi da girkin sayarwa shi ne mai yin sa ya san masu ci ɗaya bayan ɗaya: akwai jaririn da ya fara cin abinci, akwai yaron da ke tsince albasa yana turawa gefen kwano, akwai dattijon da likita ya hana gishiri, kuma yawanci tukunya ɗaya ce za ta ciyar da su duka. A yawancin al'ummomi aikin ya fi faɗawa kan mata, ko da yake maza da manyan yara suna yin sa a gidaje da dama. Ana koyon sa ne ta hanyar kallo da maimaitawa fiye da karatu, shi ya sa mai girki kan san abin da za ta yi ba tare da ta iya faɗin dalilinsa ba.

Abubuwa biyu ne suka fi nuna iyakar wannan fanni ta kowane ɓangare. Miya ana yin ta kusan kullum, tana karɓar kintace, ana gyara ta tana kan wuta. Kek ɗin zagayowar ranar haihuwa kuwa sau ɗaya ne a shekara ga kowane yaro, sai an auna komai, kuma da zarar ya shiga obin gyara ya ƙare.

Wuta da abin da take yi wa abinci

Muddin akwai ruwa a tukunya, zafin abin da ke ciki ba ya wuce kimanin digiri 100 a ma'aunin Selshiyas, ko da an ƙure wuta. Ƙarin wutar ƙone ruwan kawai yake yi. Tukunyar matsi, wadda asalinta ke komawa ga na'urar da Bafaranshe Denis Papin ya ƙera a 1679, tana riƙe tururi har zafin ya kai wajen digiri 120, shi ya sa wake da nama mai tauri ke saurin nuna a cikinta.

Suya da gashi sun wuce wannan iyaka. Idan saman nama ko albasa ko burodi ya bushe ya yi zafi sosai, sukarin da ke jikinsa da sinadaran furotin sukan haɗu su ba da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi, aikin da masanin kimiyya Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Wannan ne dalilin da ya sa naman da aka jibga da yawa a kasko ba ya soyuwa: ruwan da yake fitarwa ya hana zafin hawa, sai ya koma dahuwa.

Murhun ma yana da nasa lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum biliyan 2 suna girki da itace, gawayi, kananzir da makamantansu, kuma hayaƙin na jawo mutuwar miliyoyin mutane duk shekara, mata da ƙananan yara su ne kan gaba.

Miya

Dafa abinci cikin ruwa tsohon abu ne. Gutsattsarin tukwanen ƙasa da aka tono a kogon Xianrendong na ƙasar Sin an ƙiyasta sun kai shekara 20,000. Amfanin tukunya shi ne ba abin da ke zubewa: kitse da romon da kan ɗiga cikin wuta in gashi ake yi, a miya suna nan, haka ma wasu sinadaran ganye da ke narkewa cikin ruwa. Ga iyali kuma akwai wata fa'idar, domin nama kaɗan kan ba wa tukunya guda ɗanɗano har ta ishi mutum goma.

Ana iya kasa miya gida biyu, ta sha da cokali da kuma mai kauri da ake cin wani abinci da ita, amma ginin kusan ɗaya ne. Tushenta romo. Ƙashi da jijiya da fata suna ɗauke da sinadarin kolajin, wanda ke narkewa a hankali ya ba romo jiki. In aka sa irin wannan romo a firiji za a ga ya daskare yana rawa. Narkewar tana son lokaci da wuta kaɗan. Romon kaza kan ɗauki awa 2 zuwa 4, na ƙashin shanu ya fi haka, na kifi kuwa minti 20 zuwa 30 ya isa. Ana fara shi da ruwan sanyi, a riƙa kwashe kumfar da ke tasowa, a bar shi yana ɓararraka a hankali. Tafasa mai ƙarfi tana dama kitse cikin ruwan, romon ya yi duhu-duhu.

Sai tsarin zubi, wanda a nan ne gwaninta take. Albasa ake fara soyawa har ta yi laushi, tafarnuwa ta biyo baya don saurin ƙonewarta. Busasshen kayan ƙamshi ya fi buɗewa in ya taɓa mai. Markaɗen tumatir ana barin sa ya tsotse har mai ya taso sama, alamar ɗanyen tsaminsa ya tafi. Dankali da karas suna riga kabeji shiga, ɗanyen ganye kuwa sai ana dab da saukewa, don dogon dahuwa na kashe korensa da bitamin C ɗinsa. Wake ba ya son tsami tun da wuri, in an zuba masa tumatir ko lemun tsami kafin ya yi laushi zai daɗe bai nuna ba. Jan wake mai siffar ƙoda yana da wata guba da sai tafasa mai ƙarfi ta aƙalla minti 10 ke kashewa.

Kauri ana samun sa ta hanyoyi da yawa: fulawa da bota daidai wa daida da aka soya tare, garin sitaci da aka dama da ruwan sanyi kafin a zuba, niƙaƙƙen iri mai mai, ko kuma a ɗebi rabin kayan miyar a markaɗa a mayar. Garin da aka zuba kai tsaye cikin ruwan zafi gudaji yake yi.

Daɗin da romo ke da shi wanda ba zaƙi ba, ba gishiri ba, masanin Japan Kikunae Ikeda ne ya gano a 1908 cewa daga sinadarin gulutamet yake, wanda ke akwai a tumatir, naman kaza (wato laimar kwaɗi), cuku da busasshen kifi. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Maggi ya fito da dunƙulen romo, Knorr ya biyo a 1912. Dunƙulen ya rage wa masu girki wahala, sai dai kaso mai yawa na nauyinsa gishiri ne, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan. Saboda haka ake jinkirta gishiri zuwa ƙarshe, tunda miya na ƙara gishiri yayin da ruwanta ke ƙonewa. In ya riga ya yi yawa, maganar jefa ɗanyen dankali ya tsotse shi ba ta cika aiki ba. Ƙarin ruwa da ƙarin kayan miya marasa gishiri su ne gyaran.

Yara a tukunyar gida

Daga wata 6 jariri ke fara cin abinci tare da nono. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗebar masa nasa daga tukunyar kowa kafin a sa gishiri da yaji, a murƙushe. Ba a ba wa wanda bai kai shekara 1 ba zuma, saboda ƙwayar cutar da ke iya shanye masa jiki. Gyaɗa guda-guda, inabi da ba a tsaga ba da alewa mai tauri suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara 5 ba. Ƙin sabon abinci kuwa ɗabi'a ce da ke tsananta tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma yaro kan buƙaci a sake kawo masa abu sau da yawa kafin ya karɓa. Tilastawa ba ta cika haifar da so ba.

Ajiya da ɗumame

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60. Ƙa'idar da aka fi yaɗawa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje, a dafa nama da ƙwai har cikinsu ya kai digiri 70, a kuma raba wuƙa da katakon yankan ɗanyen nama da na abin da za a ci haka nan. Babbar tukunyar miya ita ce mai haɗari, don tsakiyarta na daɗewa da ɗumi, wasu ƙwayoyin kuma suna tsallake dahuwa a kwance su farfaɗo idan abinci ya fara hucewa. Ana rarraba ta cikin robobi marasa zurfi kafin a sa firiji, a ci cikin kwana 3 zuwa 4, a tafasa ta sosai in za a ɗumama. Shinkafa ma haka, gubar da ke taruwa a cikinta in ta kwana a waje ɗumame ba ya kashe ta.

Kek ɗin ranar haihuwa

Ana danganta kek mai kyandir na bikin yara da Jamus ta ƙarni na 18. Akwai bayanin bikin haihuwar Zinzendorf, wani basarake Bajamushe, a 1746, inda aka kawo ƙaton kek da aka soka wa kyandir adadin shekarunsa. Amma sai a ƙarni na 19 kek ya sauko gidajen talakawa, bayan sukari ya yi araha, obin ya yawaita, aka kuma samu bekin foda, hodar da ke sa kwaɓi ya tashi. Alfred Bird, mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, ya haɗa irinsa a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis.

Tsohon ma'aunin kek mai sauƙin riƙewa shi ne nauyi ɗaya na bota, sukari, ƙwai da fulawa. Ƙwai 4 kan kai wajen giram 200, sai a auna sauran ukun haka, a ƙara bekin foda ƙaramin cokali 2, a raba gwangwani biyu masu faɗin santimita 20, a gasa a digiri 180 na minti 20 zuwa 25. Sikeli ya fi kofi aminci, domin kofin fulawa ɗaya na iya zama giram 120 ko 150, gwargwadon yadda aka danna shi. Bugun bota da sukari har su yi fari shi ke cusa iska, bekin foda kuma ya hura ta. Bayan fulawa ta shiga ana juyawa ne a hankali, yawan bugu na sa kek tauri. Buɗe obin da wuri kan sa tsakiya ta lotsa. Ana gane nuna in an soka tsinke ya fito a bushe. Ɗanyen kwaɓin da yara ke son lasa ba shi da aminci, ba don ƙwai kaɗai ba, ita kanta ɗanyar fulawa na iya ɗaukar ƙwayar cuta.

Ado

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Bota na narkewa tun a digiri 32 zuwa 35, don haka kek mai sauran ɗumi zai zamar da duk abin da aka shafa masa. Masu yi a gida da yawa sukan gasa yau su yi ado gobe.

Aisin shi ne abin zaƙin da ake shafe kek da shi, kuma na bota shi ne na masu koyo: kashi ɗaya bota, kashi biyu garin sukari da aka tankaɗe, da ɗan madara. Ana yanke tudun saman kek ya kwanta, a shafa aisin tsakanin hawa biyun, sannan a yi wa jikinsa shafi na farko siriri wanda har ana hango kek ɗin ta ciki. Aikin wannan shafin kama ɓurɓushi ne. A sa firiji minti 20 zuwa 30, sai a yi shafi na biyu mai kauri, a riƙe faffaɗar wuƙa a tsaye a gefe ana juya farantin, ba wuƙar ba. Fondan, wato ƙullun sukari da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, yana ba da santsi kuma ana ƙera dabbobi da furanni da shi, sai dai yana gumi in iska na da laima, yara da yawa kuma ɓare shi suke yi su ajiye. Aisin ɗin farin ƙwai bushewa yake ya yi ƙarfi, ya fi dacewa da rubutu da biskit. Kirim ɗin madara da aka buga ba ya jure zaman waje. Inda ake zafi wasu kan maye rabin bota da daskararren man girki don aisin ya tsaya, ko da yake ɗanɗanon na raguwa.

Jakar matsa aisin da baki biyu, mai tauraro da mai ƙaramin rami, sun isa yawancin aiki. Leda mai kauri da aka yanke wa kusurwa ma tana yi. Kafin a rubuta sunan yaro ana fara zana shi da tsinke, don a ga ko harafin ƙarshe zai samu wuri. Kek mai siffar lamba ba ya buƙatar gwangwani na musamman: 1 daga mai kusurwa huɗu ake yanka ta, 8 kuwa zobba biyu ne aka haɗa.

Kala mai kauri ta fi ta ruwa, wadda ke tsinka aisin. Ana ɗibar ta da bakin tsinke kaɗan-kaɗan, don launi na ƙara duhu bayan 'yan awoyi. Ja da baƙi suna cin kala har su yi ɗaci, shi ya sa ake fara baƙi daga aisin mai koko. Bayan wani bincike na Jami'ar Southampton a 2007, Tarayyar Turai ta wajabta daga 2010 a rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da wasu launuka shida cewa suna iya shafar nutsuwar yara. Hodar ƙyalli kuma ba kowacce ake ci ba. A 2018 wasu yara a jihar Rhode Island ta Amurka sun kwanta rashin lafiya bayan cin kek da aka barbaɗa wa hoda mai ɗauke da jan ƙarfe. Wadda aka rubuta wa cewa ba ta da guba kawai, ba a ce ta ci ba ce, kuma hodar ci tana zuwa da jerin kayan da aka yi ta da su.

Tunda baƙi ne za su ci, ana tambayar iyaye ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar ƙwai, madara, alkama ko gyaɗa. Kafin a yanka ana cire tsinke, waya da ƙananan 'yan tsana na roba da aka kafa a sama. Wani gwaji a Jami'ar Clemson a 2017 ya nuna hura kyandir na ninka ƙwayoyin cutar da ke saman aisin sau da yawa, ko da yake masu binciken ba su ɗauke shi babban haɗari ba ga mai lafiya. In mai bikin na mura, ana iya kafa masa kyandir a kan ƙaramin kek nasa shi kaɗai. Ragowar kek mai aisin ɗin bota kan yi kwana 2 zuwa 3 a rufe a wuri mai sanyi, mai kirim ko ɗanyen 'ya'yan itace kuwa firiji zai shiga a ranar.